Tsatsar Allura

Shekara arba'in ina zaune a zauren nan na Kwarbai,
ni da zare, ni da allura.
Aska takwas na san ta kamar zanen tafin hannuna.
Bana sai ga ni ina ƙirgen ɗinki, in kai bakwai,
hankalina ya haura katanga ya bi tattabarun maƙwabta,
in dawo in tarar na haɗe wuya da aljihu.

Ba sabon baƙo ba ne, in za a faɗi gaskiya.
A firamare malamin lissafi Fara yake kirana,
wai ba na daɗewa kan kara ɗaya.
Allura ce ta ɗaure ni, ita kaɗai ta iya.
Sai ga suga da tsakar tsufa
ya zo yana kwance ƙullin a hankali.

A Shika likita ta ɗiga jinina kan ɗan tsinke,
na'ura ta nuna lambar da ta sa ta gyara tabarau.
Ta ce, "Malam Tanimu, ƙwayar safe fa?"
Na ce na sha.
Na laluba aljihu: ga ta nan, ita da ta jiya,
kwance da guntun alli da maɓalli biyu.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta ce masu bincike sun sha tarar da su gida ɗaya,
ciwon suga da tarwatsewar hankali,
har yau ana gardamar wa ya buɗe wa wani ƙofa.
Na ce, ni dai su biyun a akushina suke ci.

Autata Hansatu, mai karatun haɗa magani a Samaru,
ta yanka gauta biyu ta ajiye kan faifai.
Ɗaya ta matse masa lemun tsami,
ɗaya ta bar shi da iskar Allah.
Kafin la'asar wancan ya dafe kamar haƙorin maci goro,
wannan kuwa yana nan da haskensa.
"Baba, jiki ma yana tsatsa.
Suga in ya yi yawa, zuga ta yake yi.
Zogale, zoɓo, kanumfari,
akwai abin tare tsatsa a cikinsu."

Na ce, madalla, a zubar da ƙwayar Shika ke nan.
Ta ɗaure fuska irin ta marigayiya uwarta.
"Ban ce suna warkarwa ba.
Abin da muka gani a kwalba da jikin ɓera
ba mu gama ganinsa a jikin mutum ba.
Ka sha ƙwayarka, ka ci ganyenka,
kuma likita ta san duk abin da ka kai baki."

Wannan yaren na gane shi.
Allurata ma a tsumma mai man gyaɗa take kwana
don kada damina ta cinye ta,
amma mai bai taɓa miƙe wadda ta lanƙwashe ba.

Yanzu ƙwayar a gwangwanin allurai take zama,
dabarar Hansatu ce:
ba ni ɗinki sai na gan ta.
Zoɓona ba sukari, tsami har cikin kunne.
Jikana Sabi'u, wanda benci ke yi wa ƙaiƙayi a aji,
shi aka naɗa mai tuna mini.
Jiya mu biyun muka mance,
mun tsaya kallon ƙadangare yana gyaɗa wa bango kai.

Yau da hantsi na kai bakwai.
Tattabaru suka tashi, na ji fukafukansu sarai.
Na riƙe zaren da ƙarfi.
Takwas.